Littafin aiki: neman zafin tsohon teku a cikin ƙwanson foram

4 ga Fabrairu, 2025

Samfuran sun iso daga ma'ajiyar Bremen da ke Jamus, kowanne a ƙaramar leda mai lamba. Laka ce da jirgin haƙa JOIDES Resolution ya ciro a shekarar 2003 daga Tudun Walbis, wani dogon tudu a ƙarƙashin kudancin Tekun Atlantika, daura da gaɓar Namibiya. Ramuka biyu na nema: na 1263, wanda zurfin ruwansa yanzu ya kai kimanin mita 2,700, da na 1262, mai zurfin kimanin mita 4,750. Ma'ajiyar ba ta sayar da laka. Ana cika takardar buƙata ne, a faɗi abin da za a yi da ita, a kuma yi alkawarin fitar da sakamakon.

Lokacin da nake bi shi ne wanda ake kira PETM, shekara miliyan 56 da suka wuce, a kan iyakar zamanin Faliyosin da na Eyosin. Kabon mai ɗimbin yawa ya shiga iska da teku cikin 'yan dubban shekaru, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, kuma abin bai lafa ba sai bayan wajen shekara dubu 170 zuwa dubu 200. Duniyar da wannan ya afka wa dama can mai zafi ce, babu tulin ƙanƙarar da ke lulluɓe da Antatika a yau.

Ma'aunin zafina shi ne foraminifera, waɗanda a ɗakin gwaji kowa ke ce wa foram. Halittun teku ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba, suna gina wa kansu ƙwanso da kalsait, wato sinadarin alli. Wasu na yawo a saman ruwa, wasu a tsakiya, wasu na zaune a ƙasa. Yayin da ake gina ƙwanson, zafin ruwan na shafar abubuwa biyu da za a iya aunawa: yawan magniziyam da ke kutsawa gurbin kalsiyam, da rabon oksijin mai nauyi na 18 da marar nauyi na 16. Zan auna duka biyun a ƙasa da iyakar, a cikinta, da samanta.

Kuɗin aikin ba su da yawa, kuma kaso mafi tsoka lokacin na'urori zai cinye, don haka zan riƙa rubuta abin da kowane mataki ya ci.

7 ga Fabrairu

Wanki. Na busar da lakar a tanda a digiri 40, na auna nauyinta, na jiƙa ta da tataccen ruwa ta kwana, sannan na wanke a rariya mai ramin maikuron 63 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Abin da ke wucewa galibi yumɓu ne da kokolit, ƙananan faya-fayen alli na tsirran teku. Ban sa sinadarin warware laka ba, don kada ya bar wani abu a jikin ƙwanson da zai ɓata awon ƙarafa irin su magniziyam nan gaba. Farar lakar ƙarshen Faliyosin ba ta ba ni wahala ba, foram kuwa maƙil.

12 ga Fabrairu

Yau na kai ga samfuran iyakar kanta, rariya ta dawo kusan wayam.

Tun a leda ake ganin bambancin. Lakar ƙasa fara ce sol, sai kwatsam ta koma jan yumɓu mai duhu, babu wani sannu a hankali. Daga nan zuwa sama launin ke washewa kaɗan-kaɗan har ya koma fari. A rami na 1262 abin da ya tsaya a rariya 'yan ƙananan haƙoran kifi ne da gutsattsarin da ba a iya gane mai shi. A na 1263 da ɗan dama-dama, amma shi ma gindin yumɓun babu ƙwanson da za a ɗauka.

Na san da wannan tun kafin in nemi samfurin, domin shi ne babban abin da tafiyar 2003 ta gano. James Zachos da abokan aikinsa sun bayyana a 2005 cewa a waɗannan ramuka alli ya faɗo daga sama da kashi 80 cikin ɗari na lakar zuwa ƙasa da kashi 1, kuma zurfin da alli ke narkewa a teku ya haura sama da fiye da kilomita 2. Kaurin yumɓun kimanin santimita 5 ne a 1263, ya kai wajen 35 a 1262. Iskar kabon ce ta shiga ruwa ta ƙara masa tsami, ruwan kuma ya narkar da ƙwanson. Amma gani ya kori ji. Sai da na zauna gaban tire babu abin tsinta sannan na gane irin giɓin da zai shiga lissafina.

Giɓin ta fuska biyu ne. Ruwan mai tsami bai tsaya kan ƙwanson da ke faɗowa daga sama ba, ya ci har wanda ya riga ya kwanta kafin abin ya fara. Ke nan samfurin da na lakaba wa "na ƙarshe kafin PETM" ya girmi farkon abin da tazarar da babu yadda zan yi in auna ta a nan. Sannan dubban shekarun farko, lokacin da kabon ke kwarara kuma zafin ke hawa, su ne suka narke ɗungurungum. Ƙwanson farko da zan samu a saman yumɓu mai yiwuwa an gina shi ne bayan zafin ya kai ƙololuwa ya soma sauka. Duk adadin da na fitar daga wannan rami dole in rubuta "aƙalla" a gabansa.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: a tiren Faliyosin ina ta cin karo da Gavelinella beccariiformis, ɗaya daga cikin masu zaman ƙasan teku. A saman yumɓun babu ita, ko ɗaya. Nuttallides truempyi kuwa tana nan a sama da ƙasa. An kiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na jinsunan foram na ƙasan teku mai zurfi sun ƙare a wannan iyaka, ga shi kuma ina ganin ɗaya daga cikinsu ta ɓace tsakanin leda da leda.

Na yanke shawara: 1262 zan auna yawan allinsa kawai. Sauran ƙarfi duk a kan 1263.

17 ga Fabrairu

An fara tsince. Baƙin tire mai layuka, buroshi mai bakin da bai fi 'yan gashi ba, ɗan ruwa a murfi, sai madubin ƙara girma. Idan buroshin ya bushe, ƙwanson kan yi tsalle kamar ƙuma ya bar tiren, ba kuma za a sake ganinsa ba. Idan ya jiƙe da yawa sai ya kwaso na kusa da shi. Akwai wata 'yar danshi a tsakani da hannu ne kawai ke koyonta.

Ina tsinta daga tsakanin maikuron 250 da 300 kaɗai, saboda sinadaran ƙwanson na canzawa da girmansa. Iri uku nake warewa. Morozovella tana da gefe mai kaifi da ƙananan ƙayoyi a jere. Acarinina a dunƙule take, jikinta kaushi. Subbotina kuwa ɗakunanta zagayayyu ne masu ƙananan ramuka. Biyun farko sun rayu a saman ruwa inda rana ke kaiwa, tare da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsu. An gane haka ne daga yadda kabon mai nauyi na 13 ke ƙaruwa a ƙwansonsu gwargwadon girmansu. Subbotina ta fi su zurfi, inda ruwa ya fara sanyi.

Duka ukun sun ƙare tuntuni. Babu wanda ya taɓa kiwon Morozovella a kwalba ya ga yadda take ɗaukar magniziyam a digiri 25 da a digiri 30. Duk ƙa'idar da zan yi aiki da ita an samo ta ne daga foram masu rai a yau, aka ara wa waɗannan bisa zaton cewa halinsu ɗaya.

20 ga Fabrairu

Ana ta tsince. A samfuran da ke dab da saman yumɓu ƙwanson kaɗan ne, da yawa a fashe. Ban sauko zuwa ƙaramar rariya don in cika adadi ba. Gara samfuri ya yi ƙaranci da a cakuɗa girma biyu a layi ɗaya.

26 ga Fabrairu

Na kai wasu ƙwanson madubin ilaktron. A ƙarƙashin madubi na yau da kullum farare ne, cikakku, babu abin zargi. Da aka fasa su aka ƙara girman sau dubbai, sai ga wani labari daban. Bangon da ya kamata ya kasance da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a jere ya koma manyan lu'ulu'u masu kusurwa. Ramukan jikin wasu sun toshe. Cikin ɗakunan akwai kokolit a manne, har da sabon kalsait da ya tsiro a bango daga ciki.

Wannan tsohuwar matsala ce, kuma ta daɗe tana ɓatar da masana. Har zuwa shekarun 1990, awon oksijin na foram ɗin saman ruwa daga ramukan teku mai zurfi yana nuna cewa tsakiyar duniya a zamanin Eyosin da ƙarshen Kiretashiyos, zamanin da ya gabaci Faliyosin, ta fi ta yau sanyi, alhali kusa da ƙuryoyin arewa da kudu akwai ɗumi sosai. Masu kwaikwayon yanayi a kwamfuta sun yi ta fama, sun kasa samar da duniya mai irin wannan fasali. A 2001 Paul Pearson da abokan aikinsa suka auna ƙwanson da yumɓu ya rufe ruf, musamman daga kudancin gaɓar Tanzaniya, waɗanda har yanzu garau suke ana hango cikinsu idan an jiƙa su. Sai suka sami digiri 28 zuwa 32. Ashe ba tekun ne ya yi sanyi ba. Ƙwanson ne, bayan ya kwanta a farar laka mai barin ruwa ya ratsa, yake narkewa kaɗan-kaɗan yana sake daskarewa a ruwan ƙasan teku mai sanyi, sabon kalsait ɗin kuma zafin ƙasa yake ɗauka.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane digiri ɗaya na ɗumi yana rage oksijin mai nauyi da kimanin 0.22 cikin dubu. A ce saman ruwa digiri 30 ne, ƙasa kuma 12. Idan rabin kalsait ɗin sabo ne, na'ura za ta ba ni wajen digiri 21, zafin da foram ɗin bai taɓa rayuwa a cikinsa ba. Na'urar kuma ba ta yi kuskure ba, abin da aka ba ta ta auna.

Nawa dusassu ne, ba garau ba. Rabin yini a wannan madubi ya ci kuɗin da zai biya awon ƙarafa na samfura masu dama, amma ban ga yadda za a wallafa zafin saman teku ba tare da hoton bangon ƙwanson a gefe ba. A ganina duk takardar da ta zo da adadi babu wannan hoto, a ajiye ta tukuna.

3 ga Maris

Na kai wa malamina hotunan. Na ce, "Malam, idan oksijin ɗin ya gurɓata haka, me ya rage mana?" Ya daɗe yana duba su, sannan ya ce, "Ka daina tambayar lakar nan zafin nawa ne. Tambaye ta nawa ya ƙaru."

Hujjarsa ita ce, idan sabon kalsait ya shiga ƙwanson sama da na ƙasa daidai gwargwado, tsallen da ke tsakaninsu zai rage tsawo amma ba zai ɓace ba. Ya kuma tuna mini cewa inda aka kwatanta garau da dusassu masu shekaru ɗaya, magniziyam bai kauce kamar yadda oksijin ya kauce ba. Mun amince in ɗora nauyin aikin a kan magniziyam, in riƙa duba siturontiyam a matsayin mai gadi, tunda shi raguwa yake yi idan kalsait ya sake daskarewa.

Ni dai ina da ja a kan "daidai gwargwado". Lakar da ke kusa da yumɓu da farar lakar da ke nesa da shi ba lallai ruwa ya ratsa su iri ɗaya ba. Na ce a nemi ƙwanso garau na lokaci guda don kwatance, ko daga Tanzaniya ko daga ramukan Niyu Jazi a Amurka irin su Wilson Lake da Bass River. Ya ce in rubuta buƙatar, amma in tuna waɗancan bakin gaɓa ne, ruwan koguna na sauya musu gishiri da oksijin, don haka su ma da tasu matsalar.

10 ga Maris

Tsabtace ƙwanso don awon magniziyam. Ana ɗora wajen ƙwanso 25 tsakanin gilasai biyu a danna a hankali har ɗakunan su buɗe, ba a niƙa ba. Daga nan a zuba a ƙaramar kwalbar roba, a ɗauraye da tataccen ruwa da metanol a cikin kwanon da ke girgiza da sauti, don yumɓun ya tashi a tsotse shi. Sai a dafa a ruwan farokzaid don cire ragowar naman halittar, a ɗan lasa da asid marar ƙarfi, sannan a narkar. Tsarin da Stephen Barker da abokan aikinsa suka fitar a 2003 nake bi.

Na Faliyosin sun jure. Na saman yumɓu kuwa, waɗanda ruwa mai tsami ya riga ya lasa tun suna ƙasan teku, girgizar ta mai da su gari. Ina kallo ruwan kwalbar ya koma fari-fari, kuma duk tsotsar da na yi da kalsait take tafiya. Wasu kwalaben sun yi asarar fiye da rabin abin da ke ciki, kaɗan ma babu abin da ya rage da zai isa awo. Su ne kuma samfuran da suka fi wahalar tsinta. Ga masu rauni zan rage tsawon girgizar, in ƙara yawan ɗauraya, in kuma bar garin ya kwanta sosai kafin in tsotsa.

14 ga Maris

Awon farko a na'urar falasma, mai auna ƙarafan da ke cikin narkakken ƙwanso. Da na zana sakamakon, magniziyam ya yi tsalle daidai saman yumɓu, tsalle mai kyan gani, har ya zarce abin da na zata. Na yi murna na ɗan lokaci. Sai na zana alminiyam, alamar yumɓu, da ƙarfe da manganis a ƙarƙashinsa, suka yi tsalle a wuri ɗaya.

Magniziyam ɗin da ke cikin ƙwanson foram bai fi kimanin kashi 0.1 cikin ɗari na nauyinsa ba. Yumɓu na iya ɗauke da ninkin wannan sau goma ko fiye. Ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani, idan ya maƙale a lungun ɗaki, ya isa ya ɗaga adadin da digiri da yawa. Abin da ya sa wannan rami ke da haɗari shi ne wurin da ake sa ran zafi da wurin da yumɓu ya fi yawa wuri ɗaya ne, kuma dukansu sama suke tura adadin. Wanda bai auna alminiyam ba zai ga abin da yake fata, ya tattara ya tafi.

Na jera magniziyam a kan alminiyam, samfuran da ake zargi suka hau layi ɗaya. Na cire su duka. Kuɗin awonsu ya tafi, ƙwanson ma ya tafi tunda an narkar da shi. Sai an sake tsinta daga abin da ya rage a kwalabe.

18 ga Maris

Iskar argon da na'urar falasma ke aiki da ita ta ƙare, ba a kawo sabuwa ba, na'urar a kashe. Na koma kan tire.

25 ga Maris

Gwajin manganis. Jan yumɓu kan bar wa ƙwanso wani siririn rufi na manganis da ƙarfe wanda farokzaid ba ya cirewa. Maganinsa haidirazin ne, hanyar da ta samo asali daga aikin Edward Boyle a shekarun 1980. Guba ce sosai, sai a cikin akwatin zuƙe iska, ga safar hannu biyu, kuma zubar da ragowarta ma sai an biya.

Na raba wasu samfura masu yalwa gida biyu, rabi da haidirazin, rabi babu. Manganis ya sauka sosai a waɗanda aka yi wa. Magniziyam ma ya sauka, har a samfuran Faliyosin da ba su da wani rufi. An san da haka: wannan mataki kan rage magniziyam da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, domin yana cin sassan ƙwanson da suka fi magniziyam. Wannan ya haura digiri guda.

Ba zan cakuɗa hanyoyi biyu a layi ɗaya ba. Ƙa'idar da zan yi lissafi da ita an gina ta ne a kan ƙwanson da ba a sa wa haidirazin ba, don haka duka za su tafi babu shi. Abin da na ƙara shi ne, bayan ɗauraya ina zuba gutsattsarin a gilashi in duba a madubi, in cire duk wani ɗigo mai launi da gashin buroshi ɗaya. Yana cin lokaci ƙwarai. Alminiyam dai ya sauko.

1 ga Afrilu

Yau babu na'ura, sai takarda da lissafi, kuma a nan ne na fi jin nauyin aikin.

Ƙa'idar Pallavi Anand da abokan aikinta ta 2003, wadda aka samo daga foram ɗin da aka tara a Tekun Sargaso, ta ce magniziyam na ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari a kowane digiri, da 0.38 a matsayin tushe. A ce na auna 4, wato magniziyam 4 a kan kowane kalsiyam dubu. Ƙa'idar za ta ba ni digiri 26.

Amma wannan na tekun yau ne, inda magniziyam ya ninka kalsiyam sau 5.2. A farkon Eyosin rabon bai kai rabin haka ba. Ƙiyasi da yawa na zagaye 2, wasu ƙasa da haka. Foram ɗin da ke ruwa mai ƙarancin magniziyam sai ya sha zafi fiye kafin ya kai 4. Da nawa? Idan na ɗauka cewa abin da ke shiga ƙwanso na bin na ruwa kai tsaye, na sa 2.2, ina samun wajen digiri 36. Gwaje-gwajen kiwo sun nuna ba kai tsaye ba ne, dangantakar a lanƙwashe take. Da na bi wannan lanƙwasa, 2.2 ya ba ni digiri 30, 1.6 kuma ya ba ni 31 da rabi. Awo ɗaya, na'ura ɗaya, amsa daga 26 zuwa 36, kuma babu ɗaya daga cikin wannan tazara da ta fito daga kuskuren awo. Na'urar tana maimaita kanta da sauyin da bai kai rabin digiri ba.

Ga inda maganar Malam ta yi aiki. Magniziyam kan shafe wajen shekara miliyan 13 a teku kafin ya fita, kalsiyam wajen miliyan 1. PETM gajere ne a kan wannan, don haka rabonsu a ruwa kusan bai motsa ba daga ƙasan iyakar zuwa samanta. Idan adadin ya tashi, a ce, daga 3.6 zuwa 5.5, ƙarin digiri 4.7 ne, ko wane tushe na sa. Tushen na soke kansa a lissafin. A Tudun Shatski na Tekun Fasifik, rami na 1209, da irin wannan hanya aka sami ƙarin digiri 4 zuwa 5 a 2003.

Sai dai masu kwaikwayon yanayi ba ƙarin kaɗai suke so ba. Suna buƙatar ainihin zafin, domin su ga ko kwamfutarsu na iya rage tazarar da ke tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta kamar yadda laka ke nunawa. Haƙar da aka yi a 2004 a Tudun Lomonosof, kusa da ƙuryar arewa, ta nuna ta hanyar kitsen wasu ƙananan halittu cewa saman ruwan can ya tashi daga digiri 18 zuwa 23 a PETM. Idan tsakiyar duniya 30 ce a lokacin, labari ɗaya ne; idan 36 ce, wani labarin ne daban game da yadda zafi ke yawo da kuma iyakar abin da rai zai jure. Waɗannan kwamfutoci su ne ake tambaya yadda ƙarni mai zuwa zai kasance, kuma zamanin zafi irin wannan ne kaɗai wurin da za a gwada su a kan iskar kabon mai yawa da gaske. Shi ya sa ba na ɗaukar tazarar digiri goma a matsayin ƙaramin abu.

8 ga Afrilu

Na auna kabon da oksijin na Acarinina ɗaya-ɗaya, ƙwanso guda awo guda, daga samfuran farko na saman yumɓu. Kabon na 13 shi ne tambarin PETM: yana faɗuwa da wajen 3 cikin dubu a teku, alamar da James Kennett da Lowell Stott suka fara nunawa a 1991 daga rami na 690 kusa da Antatika.

A cikin samfuri guda, ƙwanson ya rabu gida biyu. Wasu na ɗauke da tambarin PETM, wasu kuma na Faliyosin ne tsantsa, kusan babu na tsakani. Deborah Thomas da abokan aikinta sun ga irin haka a rami na 690 a 2002. Tsutsotsin ƙasan teku ne ke tona laka suna ɗago tsohon ƙwanso sama, kuma a inda sababbin suka yi ƙaranci, tsofaffin kan yi rinjaye.

Ma'anarsa ga awona na magniziyam a fili take. Ƙwanso 25 da na haɗa a kwalba ɗaya cakuɗe ne na masu zafi da masu sanyi, don haka ƙarin da na lissafa ya gaza na gaskiya. Yumɓu na tura adadin sama, cakuɗa na jan sa ƙasa. Ba zan yi zaton sun soke juna ba. Zan yi amfani da rabon da awon ɗaya-ɗaya ya nuna in ƙiyasta cakuɗar a kowane mataki, in kuma nuna lissafin a sarari. Awon ɗaya-ɗaya na da tsada, domin kuɗin ƙwanso guda daidai yake da na samfuri cikakke.

15 ga Afrilu

Siturontiyam bai nuna wani babban bambanci tsakanin sama da ƙasan iyakar ba, abin da ke goyon bayan Malam. Na sake auna alli a 1262. An aika buƙatar ƙwanso garau.

22 ga Afrilu

Saura tsamin ruwa. Gwajin kiwo ya nuna cewa idan ruwa ya ƙara tsami, wasu jinsunan foram kan ɗauki ƙarin magniziyam ko da zafi bai canza ba. Awon boron da Donald Penman da abokan aikinsa suka yi a rami na 1209 a 2014 ya nuna ma'aunin pH na saman teku ya sauka da kimanin 0.3 a PETM, wato tsamin ruwan ya ƙaru. Ke nan wani yanki na tsallen magniziyam na tsami ne, ba na zafi ba. A ɓangaren oksijin kuwa tsamin na aiki ta ɗaya gefen, yana ɓoye wani yanki na ɗumamar.

Na so in auna boron da kaina. Shi ne hanyar da ake bi a kai ga iskar kabon ta zamanin. Da shi Eleni Anagnostou da abokan aikinta suka ƙiyasta wajen 1,400 cikin miliyan a farkon Eyosin daga ƙwanson Tanzaniya a 2016, alhali ta yau ta ɗan haura 420. Amma awo ɗaya na cin ɗaruruwan ƙwanso, yana buƙatar ɗaki na musamman domin boron na cikin gilashi da matatun iska na yau da kullum, kuma samfuran saman yumɓu ba su da ko kusa da wannan adadi. Haka ma hanyar auna haɗuwar kabon na 13 da oksijin na 18 a ƙwaya ɗaya, wadda ba ta buƙatar sanin sinadaran ruwan: tana cin ƙwanso da yawa, kuma sabon kalsait na ruɗa ta kamar yadda yake ruɗa oksijin. Zan ari adadin tsamin da aka wallafa, in fitar da lissafi biyu, da gyara da babu gyara.

29 ga Afrilu

Kuɗi: kusan kashi biyu cikin uku sun tafi, mafi yawa a na'urar falasma da awon ɗaya-ɗaya, sai madubin ilaktron. Maimaita samfuran da yumɓu ya ɓata shi ne abin da ban sa a kasafi ba. Sinadarai da kwalabe ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya rage zan kashe shi kamar haka. Zan gama Subbotina a 1263, domin in ga ko ruwan tsakiya ya ɗumama daidai da na sama. Zan ɗauki hoton bangon ƙwanso a ƙalla guda a kowane mataki da zai shiga jadawali, ba wasu zaɓaɓɓu kaɗai ba. Na kuma tambayi farashin awon leza, wanda ke huda ƙwanso guda ya karanta magniziyam daga waje zuwa ciki. Idan an yi wa ƙwanso leza sannan aka auna kabonsa, za a san na wane zamani ne da kuma zafin da ya gani, matsalar cakuɗa ta kau. Kuɗin da ke hannu zai isa matakai kaɗan ne kawai, don haka zan zaɓi waɗanda ke dab da saman yumɓu.

Idan ƙwanso garau ya iso a watan gobe, zai bi ta rariya ɗaya, wanki ɗaya da na'ura ɗaya da na Walbis. Kafin nan, mako mai zuwa tsintar Subbotina ce daga maikuron 250 zuwa 300, farawa daga samfuran ƙasan iyaka.